Daga Gonar Auduga Zuwa Majalisar Amurka: Labarin Ba'indiyen Da Aka Ce Wa "Kai Ba Ɗan Nan Ba Ne"

Gaisuwa ta musamman ga masu bibiyar mu daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har da waɗanda rashin tsaro ya sa yanzu suke jin mu daga Funtuwa ko Zariya ko Kano. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.

Yawancinmu in aka ce Indiya, fim ne yake fara faɗo mana a rai, ko zuwa asibiti, ko kuma labarin da iyayenmu suke ba mu na malaman lissafi da kimiyya Indiyawa da suka koyar a makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. To, mutumin da za mu yi magana a kansa yau shi ma masanin lissafi ne, har digirin digirgir gare shi, amma bai samu ajin da zai koyar ba. Gona ya faɗa. Ya yi aikin auduga, ya noma latas, ya sayar da takin zamani, daga ƙarshe ya zama ɗan asalin nahiyar Asiya na farko da aka zaɓa cikakken ɗan Majalisar Wakilan Amurka. Sunansa Dalip Singh Saund.

Abin da ya sa na zaɓo labarinsa shi ne wata magana guda da ta riƙa bin sa duk inda ya sa ƙafa: "Kai ba ɗan nan ba ne." Mu ma mun san wannan maganar, kuma zan dawo kanmu a ƙarshe.

An haifi Saund ran 20 ga Satumba 1899 a wani ƙauye kusa da birnin Amritsar, a yankin Punjab, lokacin Indiya tana hannun Turawan Ingila. Wato shekara huɗu ke nan kafin Turawan nan su ci Kano da Sakkwato a 1903. Iyalinsa mabiya addinin Sikh ne, waɗannan da kuke gani a fim da rawani da gemu. Ya gama digirinsa na farko a fannin lissafi a Jami'ar Punjab a 1919, shekarar da sojojin mulkin mallaka suka buɗe wuta kan taron jama'a a filin Jallianwala Bagh a cikin Amritsar, suka kashe ɗaruruwa. Matashi ne mai goyon bayan 'yancin ƙasarsa, kuma ya karanta jawaban shugabannin Amurka irin su Abraham Lincoln, sai ya ɗauka can ce ƙasar da kowa yake daidai da kowa.

A 1920 ya hau jirgin ruwa ya tafi. Niyyarsa ya yi shekara biyu ko uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya koyi yadda ake adana abinci a gwangwani, ya dawo gida ya buɗe masana'anta. Kun san cirani dai, mutum yakan tafi da niyyar dawowa kafin damina. Da ya je sai lissafi ya sake jan sa, ya yi digiri na biyu a 1922, ya yi na uku a 1924.

Yana cikin wannan karatu aka yanke wani hukunci da ya rufe masa ƙofa. A lokacin, dokar Amurka ta ce baƙon da zai iya neman zama ɗan ƙasa sai farar fata ko ɗan asalin Afirka. Wani Ba'indiye mai suna Bhagat Singh Thind, wanda har aikin soja ya yi wa Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya nemi a ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a Fabrairun 1923 alƙalai suka yanke cewa Indiyawa ba sa cikin waɗanda dokar take nufi da farar fata. Har waɗanda aka riga aka ba takarda, an bi wasunsu an ƙwace.

Abin bai tsaya nan ba. Jihar Kalifoniya tana da doka tun 1913, aka ƙara tsaurara ta a 1920, wadda ta hana duk baƙon da bai cancanci zama ɗan ƙasa ba mallakar gona ko ɗaukar hayarta. Ku haɗa biyun ku gani: ba ka da ƙuri'a, ba ka da gona, aikin koyarwa kuma ba a ba shi ba duk da takardunsa.

Sai Saund ya nufi kudancin jihar, wani kwari da ake kira Imperial Valley, dab da iyakar Meziko. Hamada ce da aka jawo mata ruwan kogin Colorado ta zama wurin noman rani, zafinta kuwa ko watan Afrilun Sakkwato sai haka. Akwai 'yan Punjab da suka riga shi zuwa suna noma a can. Aikinsa na farko shi ne shugabantar 'yan ƙwadago masu cirar auduga. Mutanen Daudawa da Funtuwa ba sai an yi muku bayanin wannan aikin ba, kun san yadda baya yake ƙagewa. To, mai digiri uku ne a tsaye cikin rana yana auna abin da kowa ya ciro.

Da ya ɗan tara kuɗi sai ya shiga noman latas, a gonar da ba za ta taɓa ɗaukar sunansa ba, sai dai a rubuta sunan wani aboki ɗan ƙasa. Ku yi tunanin manomin da ya yi sharar gona, ya zuba taki, ya yi ban ruwa, amma duk ranar da mai suna a takarda ya juya masa baya, ba shi da ta cewa a kotu. A 1928 ya auri wata Ba'amurkiya mai suna Marian Kosa, suka haifi 'ya'ya uku. Shekara guda bayan auren tattalin arzikin Amurka ya rushe, farashin amfanin gona ya faɗi warwas, bashi ya yi masa katutu. Doka ta ba da dama mutum ya je kotu ya ce ya karye a yafe masa, kuma manoma da yawa sun bi wannan hanyar. Shi ya ƙi. Ya ɗauki shekaru yana biyan masu bin sa da kaɗan-kaɗan. Ku riƙe wannan a ranku, don a ƙaramin gari ba a manta wanda ya biya bashin da yake da damar gudu.

Duk da ba ya jefa ƙuri'a, bai zauna a gefe ba. Ya shiga ƙungiyar koyon magana a gaban jama'a, yana yawo coci-coci da makarantu yana ba da lacca kan Indiya da gwagwarmayar Gandhi. A 1930 ya rubuta littafi yana mayar da martani ga wata marubuciya Ba'amurkiya, Katherine Mayo, da ta zubar wa Indiya mutunci a nata littafin. Yana kuma halartar tarukan jam'iyyar Democrat a yankinsu, yana taya su aiki, alhali ranar zaɓe sai dai ya tsaya a waje ya kalli masu layi.

A farkon shekarun 1940 shi da 'yan'uwansa suka ga cewa kuka a zaure ba zai canza komai ba, dokar ce za a nema a canza. Suka kafa ƙungiyar Indiyawan Amurka, aka ba shi shugabanci, suka riƙa tara kuɗi daga manoma suna tura wakilai Washington. Suka samu 'yan majalisa biyu daga jam'iyyu biyu masu hamayya da juna, Clare Boothe Luce ta Republican da Emanuel Celler na Democrat, suka gabatar da ƙudiri. Ran 2 ga Yulin 1946 Shugaba Harry Truman ya sa masa hannu. Dokar ta ba Indiyawa damar zama 'yan ƙasa, duk da cewa mutum 100 kacal ta yarda su shigo daga Indiya a shekara. Ran 16 ga Disambar 1949 Saund ya karɓi takardarsa. Shekararsa 50 a duniya, 29 daga ciki a Amurka ya yi su.

Bai ɓata lokaci ba. A 1950 ya tsaya takarar alƙalin ƙaramar kotu a garinsu Westmorland, don a can irin wannan kujerar zaɓe ake yi. Ya ci. Sai aka kai ƙara cewa bai cika shekara guda da zama ɗan ƙasa ba a ranar zaɓen, kotu ta soke nasarar. Ya jira, ya sake fitowa a 1952. A wannan kamfen ɗin ne wani ya tare shi cikin mutane yana masa ba'a, wai in ya ci, shi zai riƙa raba wa masu zuwa kotu rawani ko kowa zai sayo nasa. Saund bai yi fushi ba, ya nuna masa cewa abin da ke cikin kan mutum ne ya dame shi, abin da aka ɗora a kai kuwa ruwan mai shi. Ya ci zaɓen da ratar ƙuri'a 13. Duk mai cewa ƙuri'arsa guda ba ta da amfani, ga amsa nan.

Westmorland a lokacin ta yi ƙaurin suna da gidajen karuwai da caca da ƙwaya. Alƙali Saund ya riƙa yanke hukunci mai tsauri har harkar ta ja baya. A gefe guda kuma ya buɗe kasuwancin takin zamani, wanda ya sa ya san manoman yankin ɗaya bayan ɗaya: wa ke noman me, wa ruwa ya yanke wa, wa bashi ya kama. Ya kuma zama shugaban jam'iyyar Democrat na gundumarsu.

A 1956 ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarsu ya ce ba zai sake tsayawa ba. Mazaɓar ta haɗa gundumomi biyu, Imperial da Riverside, kamar yadda tamu ta haɗa Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a kujera guda. Riverside ta fi yawan jama'a, kuma can ba a san shi sosai ba. Yankin kuma na 'yan Republican ne tun da daɗewa.

Tun a zaɓen fid da gwani aka sake zaro masa tsohon makamin. Abokin takararsa a cikin jam'iyya, Carl Kegley, ya garzaya kotu. Tsarin mulkin Amurka ya ce ɗan Majalisar Wakilai sai ya kai shekara 25, kuma ya yi shekara bakwai yana ɗan ƙasa. Ku yi lissafin da kanku: ya zama ɗan ƙasa 16 ga Disambar 1949, babban zaɓe kuma 6 ga Nuwamban 1956, wato saura kwana 40 ya cika shekara bakwai. Amma sai 3 ga Janairun 1957 za a rantsar da sababbin 'yan majalisa, lokacin ya riga ya cika. Kotu ta yi watsi da ƙarar, ya kuma kayar da Kegley a akwati.

Wadda ya tarar a babban zaɓe ba kanwar lasa ba ce. Jacqueline Cochran, matuƙiyar jirgin sama da duk Amurka ta sani, wadda ta jagoranci mata matuƙa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma mace ta farko da ta yi gudun da ya wuce saurin sauti a jirgi, a 1953. Mijinta Floyd Odlum yana cikin manyan attajiran ƙasar. Ita da jirginta take sauka gari-gari wajen kamfen. Asalin Saund kuma bai tsira ba, an riƙa tambayar ko mutumin da aka haifa a Indiya zai yi wa Amurka biyayya.

Shi kuwa ƙafa ya sa. Shi da matarsa da 'ya'yansa da surukai suka riƙa bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna yi wa waɗanda ba su da rajista rajistar zaɓe. Maganarsa a kan abin da ya sani take: farashin amfanin gona, ruwan ban ruwa, tallafin ƙananan manoma da 'yan kasuwa. Bai ɓoye asalinsa ba, ya ma juya shi ya zama hujja, ya yi alƙawarin in ya ci zai koma Indiya ya nuna musu cewa baƙo yana iya kaiwa wannan matsayi a Amurka. Da aka ƙirga, ya ci da ratar ƙuri'a dubu uku da 'yan kai.

A majalisa an sa shi a kwamitin harkokin waje tun zuwansa na farko, abin da ba kasafai sabon shiga yake samu ba. Ya cika alƙawari a ƙarshen 1957, ya zaga ƙasashen Asiya, ya taka ƙasar Indiya bayan shekara 37 rabonsa da ita, jama'a suka yi dafifi wajen tarbar sa. Ya mara wa dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta 1957 baya. Amma yawancin aikinsa na mazaɓa ne: ruwa, ambaliya, matsalolin manoma. Shi ya sa aka sake zaɓen sa a 1958 da 1960, da rata mai faɗi fiye da ta farko.

Ƙarshen bai yi daɗi ba, kuma gaskiya sai an faɗe ta. A watan Mayun 1962 yana cikin jirgi zuwa Washington ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, tafiya ta gagara. Na kusa da shi ba su fito sun bayyana wa masu zaɓe tsananin ciwon ba, aka ci gaba da kamfen da sunansa alhali yana kwance a asibiti. A Nuwamba ya sha kaye a hannun Patrick Martin na Republican. Wannan ma mun san irinsa a gida, mun ga yadda aka yi ta ɓoye rashin lafiyar shugabanni. Saund ya rasu ran 22 ga Afrilun 1973. A 2007 aka rataye hotonsa a ginin majalisar.

To, mu dawo gida. Kada wani ya ce wannan halin Turawa ne kawai. A Janairun 1980, wata uku da 'yan kwanaki bayan an dawo mulkin farar hula, jami'an shige da fice suka je Maiduguri suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP mai adawa da NPN ta Shugaba Shehu Shagari. Takardar kora ce a hannunsu, da sa hannun Ministan Harkokin Cikin Gida Bello Maitama Yusuf. Suka tsallaka da shi iyaka suka ajiye shi a Chadi, wai shi ba ɗan Najeriya ba ne, tunda mahaifinsa daga can ya fito. Mutumin da jama'a suka zaɓa fa. Aka je Babbar Kotun Maiduguri, Mai Shari'a Oye Adefila ya yanke cewa Shugaba ɗan Najeriya ne, don mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ya soke korar, ya kuma ce a biya shi diyyar Naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara a Kaduna, ba ta yi nasarar mayar da shi baƙo ba. Ku lura da lokacin da aka tuna da asalin mahaifinsa: sai da ya zama ƙarfen ƙafa ga masu mulki. Haka shi ma Saund, shekara 25 yana noma a kwarin nan ba wanda ya kai shi kotu kan batun zama ɗan ƙasa, sai da ya ci zaɓe.

Muna kuma da misali mai daɗi. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi mutanen Inugu suka zaɓa ya zama magajin garinsu na farko, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC ta Azikiwe.

Me dokarmu ta ce yau? Sashe na 65 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman kujerar Majalisar Wakilai ya zama ɗan Najeriya, ya yi karatu aƙalla matakin sakandare, jam'iyya ta tsayar da shi, shekarunsa kuma su kai 25 tun bayan gyaran 2018. Babu inda sashen ya ce sai kakanka a mazaɓar aka binne shi. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Baƙo daga wata ƙasa kuma yana iya neman zama ɗan Najeriya bayan zaman shekara 15, sannan ya jira shekara 10 kafin ya riƙe muƙami. Shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu ne kawai dole sai ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa. Wato a takarda, Ba'indiyen da ya zauna Kano ya cika waɗannan sharuɗɗa yana iya tsayawa takarar majalisa.

A aikace kuwa kun san inda gizo yake saƙa: takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Da ita ake neman gurbin karatu, da ita ake shiga aikin soja da ɗan sanda, ita ake fara tambaya in aikin gwamnati ya fito. Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma mun daɗe muna faɗin haka muna jin daɗi, don mu ne 'yan gari.

Yau fa? Shekarun nan iyalai nawa ne suka bar ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara saboda 'yan bindiga? Wasu suna cikin Katsina, wasu Kaduna, wasu Kano, wasu har Legas da Ibadan. Sun tafi da niyyar dawowa in ƙura ta lafa, kamar yadda Saund ya tafi da niyyar shekara biyu. An haifi yara a can, sun shiga makaranta a can, wasunsu ba su taɓa ganin gonar kakansu ba. Nan da shekara 20, ɗaya daga cikinsu zai ce yana son kansila a unguwar da ya tashi, kuma wani zai miƙe ya ce masa kai ba ɗan nan ba ne. Ranar nan za mu so a auna shi da abin da mutanen Westmorland suka auna Saund da shi: ya zauna da mu lafiya, ya biya bashinsa, ya san matsalarmu, ya iya aikin. In haka muke so a yi wa namu a garin wasu, to sai mu duba yadda muke yi wa wanda ya shekara 30 yana kasuwanci a Ƙanƙara ko Sabuwa, 'ya'yansa Hausa ce a bakinsu, amma har yau in maganar muƙami ta taso sai a tuna masa garin ubansa.

Tambayar da zan bar ku da ita ke nan: in wanda aka haifa a garinku, amma iyayensa zuwa suka yi, ya fito takara, kuma kun san ya fi sauran cancanta, za ku ba shi ƙuri'a? Ku faɗa mana gaskiyar abin da ke ranku, da dalilinku, za mu karanto wasu a shiri na gaba.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu damina mai albarka.